Muryar Yarima Ertan

Bar Iliyas, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Ammo Abu Firas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Ummu Firas da duk wanda ya rage a situdiyo. Rudaina ce, ƙanwar Tamim, wadda take kawo masa abincin rana kana tsokanarta da Sufeto saboda yawan tambaya. Na ba Abu Samra direba wasiƙar nan ya kawo maka hannu da hannu, don ka san wannan ba maganar waya ba ce.

Shekararmu biyu ke nan a Lebanon, ni da mahaifiyarmu, a ɗaki biyu saman shagon mai facin taya. Yamo tana gaishe ka. Yanar ido ta rufe mata na dama, na hagu kuma inuwa kawai yake gani.

Ammo, baffana, na rubuto ne in yaba muku. Wannan fim na Turkiyya da kuka ɗora wa murya, Soron Tsuntsaye, ya hana matan layinmu sakat. Ƙarfe huɗu na yi za ka ji tukwane sun yi shiru. Ummu Jad, mai gidan da muke haya, takan hawo da kujerarta da ƙullin 'ya'yan kabewa, ta zauna tana tsine wa Waziri daga farko har ƙarshe. Jiya da ya sa hatimin Sarki a takardar ƙarya, sai da ta jefi akwatin talabijin da silifa. "Allah ya karya hannun nan, mai gemun bunsuru! Ke Rudaina, ba wanda zai gaya wa Sarki ne?" Ni ma ba zan ɓoye maka ba, na kamu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a gaggawa. Sarki ya kulle ƙanensa Yarima Ertan a soro guda shekara shida don kada ya nemi kujera, kuma kullum yana aika masa da abinci daga akushinsa. Zarrin, 'yar Wazirin, kashi bakwai ta yi tana wucewa ta ƙarƙashin tagarsa ba ta ɗaga kai ba. Ranar da ta ɗaga, wallahi har mai facin taya ya yi kabbara daga ƙasa.

Amma ka san ba wannan kaɗai ya sa na nemi takarda ba.

Kashi biyu na farko Yarima bai ce uffan ba. A na uku ya juya wa bawansa baya ya ce, "Bar tagar a buɗe." Yamo tana gyaran wake a faranti. Farantin ya kife. Ba ta yi kuka ba, ta dai miƙa hannu wajen akwatin tana lalube, ta ce, "Na'am, yamo, ga ni," yadda take amsa wa Tamim. Ni kuwa na kasa tsince waken. Shekara uku da rabi rabonmu da muryar nan, tun ranar da ya baro wajenku da yamma aka sauke shi daga mota a shingen bincike.

Yanzu kullum tun ƙarfe uku take yin alwala, ta canza ɗankwali, ta matso da kujera har gwiwarta tana taɓa teburin akwatin. Ni kuma ina kallon bakin wani Baturke mai koren ido, yayana yana fitowa daga ciki.

Sufeto tana da tambaya biyu kacal. Yaushe aka ɗauki wannan aikin? Kuma kashi nawa ya yi?

Ka gaida mini Ummu Firas. Allah ya tsare ku.

'Yarka,
Rudaina


Dimashƙ, 24 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Rudaina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye. Ina miƙa gaisuwar girmamawa ga 'yar'uwa Ummu Tamim, Allah ya ba ta lafiyar ido, ya sanyaya mata zuciya. Yaya zan manta da Sufeto?

Na ji daɗin yabonki, kuma na karanta wa wanda ya yi muryar Waziri zancen silifa. Ya ce a gaya wa Ummu Jad shekara talatin yana wannan aiki ba a taɓa karrama shi haka ba.

Game da tambayarki. Aikinmu ba ya tafiya yadda mai kallo yake zato. Fim yakan zo mana, mu gama shi, ya kwanta a wajen masu tashar shekara biyu ko uku kafin su ga damar sakawa. Mun fara wannan ne a lokacin sanyi, watanni kaɗan kafin abin da ya faru. Kuma ba a taru ake yi ba. Kowa shi kaɗai yake shiga ɗakin ɗauka, ya sa abin ji a kunne, ya dubi leɓen ɗan wasa, ya faɗi layinsa har ya zauna daidai. Wadda ta yi Zarrin ba ta taɓa haɗuwa da Tamim a ɗakin ba, duk soyayyar da kuke gani ranar Litinin yake zuwa, ita Laraba.

Yana da shekara sha bakwai ya zo hannuna. Ba ya shiga ɗakin da takalmi, wai ƙafarsa ce take jin maganar kafin bakinsa. Sai an kawo masa shayin yansun mai ƙamshi, na gyaran maƙogwaro, ya bar shi ya huce, ya manta da shi. Wannan Yariman ya fi son sa a kan duk abin da ya yi. Yakan ce, "Ustaz, mutumin nan ba kujera yake so ba, so yake a bar shi ya je kasuwa."

Shawarata, 'yata, kada ki bar mahaifiyarki ta ɗora ranta a kan akwati. Fim ne, an rubuta ƙarshensa tun kafin a fara. Ki riƙa fita da ita shan iska a wannan lokacin, ko da sau biyu ne a mako.

Na ba Abu Samra kwalin biskit ɗin barazik, na san tana son mai riɗi da yawa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ammonki,
Mamduh Abu Firas


Bar Iliyas, 25 ga Nuwamba

Ammo Abu Firas,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Barazik ya iso, mun gode, Ummu Jad ta cinye rabi.

Tambaya biyu na yi maka, ka amsa ɗaya da rabi, ka cike sauran da shayin yansun. Na yi shiru saboda girmanka. Yau kam ba zan iya ba.

An gama zango na farko a kashi na talatin, inda Yarima ya tsere ya haye kogi. Aka shiga na biyu. Ba zan yi ƙarya ba, ya ma fi na farko. Yanzu Zarrin ce take karanta wa ubanta wasiƙun 'yan leƙen asirinsa saboda idonsa ya yi rauni, tana tsallake duk layin da ya ambaci inda Yarima yake. Uban ya sani, ita ma ta san ya sani, kuma kullum sai ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka." Ban taɓa ganin an nuna tsoro a cikin gida ɗaya haka ba, sai a gidajenmu.

To, shekaranjiya jikar Ummu Jad ta zo hutu daga Bairut, irin yaran nan da ba sa barin mutum ya ji daɗin fim. Ta duba wayarta ta ce ai zango na biyu an yi shi ne a Turkiyya shekara guda bayan na farko. Ta karanto watan da aka fara ɗauka. Ammo, na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi sau uku. Wata goma sha ɗaya ne bayan an ɗauke Tamim.

Kuma Yarima bai canza murya ba. Jiya ya yi dariyar nan ta hanci wadda Tamim yake yi idan na ci shi a karta. Babu mai wannan dariyar a duniya sai shi.

Ke nan ya shiga ɗakinku ba takalmi bayan mun gama zagaye ofisoshi da hotonsa. Ke nan ya fito. Idan ɓuya yake yi, na fahimta, kowa yana da abin tsoro. Idan sharaɗi aka gindaya masa, na fahimta. Amma layi ɗaya, Ammo? Ko ta hannun Abu Samra? Ka gaya masa ina jin haushinsa kamar in mutu, kuma in ya turo ko da ɓawon goro ne na yafe.

Ga abin da ya fi damuna. Ban gaya wa Yamo lissafina ba, amma tun da aka shiga zango na biyu ta canza. Ta daina amsa wa akwatin. Takan karkata kai kawai, ta rufe idon da ya rage, kamar mai sauraron ruwa a bango. Ranar Lahadi na dawo daga aiki na tarar ta ciro jakarta ta ninke kaya. Ta ce in kama mata kujera a motar Abu Samra, Dimashƙ za ta. Na ce, "Yamo, wajen wa? Gidan ma babu." Ta ce, "Wajen Abu Firas." Mace mai ciwon suga, ba ta gani, kuma in ta tsallaka iyaka takardar izinin zamanta a nan ta mutu, ba za su bar ta ta dawo ba. Na roƙi Abu Samra ya riƙa ce mata mota ta cika. Ya ce zai yi mata ƙarya sau biyu, na uku ba ruwansa.

Don girman Allah ka amsa mini kai tsaye. Yana raye?

Rudaina


Dimashƙ, 2 ga Disamba

'Yata Rudaina,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki haƙurin karanta wannan har ƙarshe, in kin gama ki zage ni yadda kika ga dama.

Tamim kashi talatin ya yi. Daga hayewar kogi zuwa ƙarshe, ni ne.

Da zango na biyu ya iso, mai situdiyo ya kawo wani yaro mai kyakkyawar murya ya ce a ba shi Yarima. Haka ake yi, ba sabon abu ba ne, masu kallo su yi gunaguni mako guda su saba. Yaron ya shiga ɗakin da takalminsa ya faɗi layi uku. Na ce ya fita. Na ce a ba ni wata guda.

Kin san kafin in zama mai ba da umarni, kwaikwayon murya ne sana'ata. Na kulle kaina da kashi talatin ɗin nan ina ji ina maimaitawa, har na gane inda yake ajiye harshensa. Shekarata sittin da ɗaya, sai da na daina taba, na daina gahawa, na koyi tsayawa a kan yatsun ƙafa don muryar ta hau. Maganar na iya. Abin da ya gagare ni shi ne abin da ba magana ba. A aikinmu, bayan an gama layuka, mukan sa ɗan wasa ya yi mana dariya, da tari, da nishi, da jan numfashi iri-iri, mu adana don cike gurbi. Na Tamim suna nan, guda ɗari biyu da wani abu. Su muka yanka muka jera. Dariyar da kika ji tasa ce. Duk numfashin da Yarima yake ja kafin ya yi magana nasa ne. Kalmomin ne nawa.

Na ce wa kaina don kada a goge shi nake yi. Ban yi tunanin wata rana za a saka fim ɗin a ɗakin da uwarsa take zaune ba. Ko kuma na yi, na kawar da kai.

Ban fita lafiya ba, in wannan zai rage miki zafi. Wata uku ina tsaye a ɗakin nan, yaron yana jan numfashi a cikin kunnena, ni ina ƙarasa masa. Wani lokaci injiniya yakan tsayar da na'ura, ni kuma in ci gaba da jin sa. Har yau muryata ba ta dawo daidai ba. Rannan na yi sallama a ƙofar gida da rana tsaka, Ummu Firas ta fito da gudu ba mayafi, da ta ga ni ne ta zauna a matakala tana kuka. Yanzu ba na yawan magana a gida.

Kin tambaye ni kai tsaye. Bai zo situdiyo ba, bai aiko ba, kuma ban san inda yake ba.

Ki hana ta tahowa ko ta halin ƙaƙa. Sannan ga abin da ya fi gaggawa: kashi na hamsin da biyar zai faɗo ranar Alhamis, sha bakwai ga wata. Sarki zai yi wa Yarima alkawarin afuwa, ya dawo fada, a aiko masa mutum huɗu da igiyar siliki. Wurin yana da tsawo, kuma yana kiran mahaifiyarsa. Kada ki bari ta ji. Ki kashe wuta, ki fasa akwatin in ta kama, zan aiko da wani.

Ki nema mini gafararta in kin ga lokacin ya yi. Taki ba na ma roƙa.

Mamduh


Bar Iliyas, 19 ga Disamba

Abu Firas,

Assalamu alaikum. Ban iya rubuta Ammo ba yau, ka yi haƙuri.

Ban gaya mata ba. Kwana goma sha biyar wasiƙarka tana cikin rigata, kullum in ce gobe. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu saura na sauka na kashe wutar ɗakinmu daga ƙasa, na hawo na ce mai janareto ne ya yanke. Ta ce, "To." Ta tashi, ta dafa bango, ta sauka matakala goma sha tara ita kaɗai, ta buga ƙofar Ummu Jad. Ko da na hana ta ma aikin banza ne, layin gaba ɗaya abu ɗaya yake kallo, ta kowace taga muryar take fitowa.

Mata tara ne a ɗakin. Da mutanen nan huɗu suka shigo da igiya, Ummu Jad ta fara ihu, "Ƙarya ne! Ya rantse da Alƙur'ani! Ku kashe abin nan, Ummu Tamim tana nan!" Yamo ta ce, "Wanda ya taɓa akwatin nan ban yafe ba." Kowa yana kuka ban da ita. Ni na toshe kunne, amma na ji.

Sauran ita za ta faɗa. Tana zaune kusa da murhu, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara.

Abu Firas, ina gaishe ka, ina gaida matarka. Yarinyar nan ta karanta mini takardarka jiya, tana zaton labari take ba ni. Tun ranar da aka haye kogi na san ba ɗana ba ne. Shekara bakwai ina kasa kunne a ƙirjin yaron nan saboda asma, kai kuma kake zaton za ka ɗaga dunduniya ka ruɗe ni? Yaro yana jan numfashi, tsoho yana magana. Na gane ka a kashi na biyu bayan kogin, wajen da ka ce "in Allah ya so" kamar mai tsawata wa ɗalibi.

Ban ji haushinka ba. Ka yi ƙoƙari, kuma kukan da ka yi ranar Alhamis ba na fim ba ne. Na zauna ina tsintar abina a tsakanin maganganunka, kullum ina samun goma, wata rana sha biyu. Numfashin ƙarshen nan, bayan sun saki igiyar, nasa ne. Na san lokacin da yake yin irinsa, in ya hawo matakala da gudu ya faɗa kujera.

Ba neman sa zan je yi Dimashƙ ba. Kai zan je in tsaya a gabanka. Na san ka shekara goma sha biyar. Kai ne ka hana a ba wani kujerarsa a situdiyo lokacin da ya yi wata biyu a asibiti, ka ce ba a taɓa kayan mai dawowa. Mutum irinka ba zai ɗauki muryar yaro ya sa a bakinsa ba alhali yana sa ran yaron zai turo ƙofa ya ce, Ustaz, me ke nan? Ka san wani abu tun kafin ka shiga ɗakin nan.

Shekara uku da wata takwas ban karɓi gaisuwa ba, ban sa baƙin kaya ba, ban yi masa sadaka da sunan mamaci ba, don kada in binne mai rai. Na gaji, Abu Firas. Ina da gahawa rabin kilo a kabad. Ka gaya mini, in dafa marar sukari ta zaman makoki in buɗe ƙofa mutane su shigo, ko in bar ta?

In ba ka amsa ba, Abu Samra ya gama ƙaryarsa biyu.

Wassalam.
Nuhad Ummu Tamim, da hannun Rudaina


Dimashƙ, 23 ga Disamba

'Yar'uwa Ummu Tamim,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Wata biyu kafin zango na biyu ya iso, wani tela da aka sako daga kurkuku ya neme ni a situdiyo. Ɗaki ɗaya suka zauna da Tamim, su sittin. Ya ce Tamim yakan yi musu Soron Tsuntsaye da baki, shi ne Sarki, shi ne Waziri, shi ne Zarrin. Da ya kai hayewar kogi bai san sauran ba, sai ya ƙirƙira. A nasa, Yarima bai koma fada ba.

Ƙirjin Tamim ne ya tashi, a watan Fabrairu, wata goma bayan an ɗauke shi. Telan ne ya rufe masa ido, ya ce ya cika da shahada. Da na ce ban san inda yake ba, kabarin nake nufi. Na ɓuya a bayan wannan, Allah ya yafe mini.

Ki dafa gahawar.

Zan biyo Abu Samra ranar Juma'a, in kin yarda in shigo. Zan zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, kuma ba zan buɗe baki ba.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Mamduh